Maigidana ya ci fara ya yanke jiki ya faɗi, ana cewa ni na sa masa wani abu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Marwa ta ƙasar Kamaru. Maigidana ya haura shekara hamsin, yana da hawan jini, kullum da safe yana shan atenolol. Makon jiya bayan isha'i ya shigo da soyayyiyar fara a leda, na juye a faranti muka ci tare da yara. Ba a jima ba ya fara susar tafin hannu da ƙeya, leɓɓansa suka kumbura, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Ya ce ƙirjinsa ya ɗaure, yana jin jiri. Ya miƙe zai shiga banɗaki, kafin ya kai ƙofa ya yanke jiki ya faɗi. Maƙwabta suka ɗura masa madara, suka ɗora shi a babur tsakanin mutum biyu zuwa asibiti. An ce tansiyonsa, wato awon jininsa, ya sauka zuwa 7, shi da ya saba da 15 (a wasu wuraren 70 da 150 ake cewa). Aka yi masa allurar adirenalin a cinya da ƙarin ruwa, ya farfaɗo. Likita ya ce alerji ne, wato jikinsa ne ya ƙi farar, kada ya sake cin ta. Shi kuwa ya ce tun yana yaro yake cin fara, zuciyarsa ce kawai ta motsa saboda gajiya, ranar ma sai da ya sha diklofenak don ciwon baya. Bara dai bakinsa ya taɓa ƙaiƙayi bayan ya ci miyar da na sa wa manjanga. Abin da ya fi damuna, Hajiya mahaifiyarsa ta ce abinci ba ya taɓa zuciya, ni na sa masa wani abu. Don Allah yaya fara za ta kai ga zuciya? Me zan yi in abin ya dawo?

Wata 'yar'uwa daga Marwa

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sannu da jinya, sannu kuma da haƙuri. Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya wanke ki daga zargin abin da ba ki ji ba ba ki gani ba.

Bari mu fara da zargin, don na san shi ne yake hana ki barci. Ƙaiƙayin tafin hannu, kumburin leɓe, borin jini, jiri, faɗuwa, da tansiyon da ya zube daga 15 zuwa 7, duk alamomin abu guda ne da likitoci suka daɗe da sani. Suna ce masa anafilaksi, wato alerji mai tsanani da ke kama jiki gaba ɗaya cikin mintuna. Faranti ɗaya kuka sa wa hannu, ke da shi da yara, guba kuwa ba ta zaɓen baki. Da wani abu aka barbaɗa a ciki, ko da daga gonar da aka yi wa feshin maganin ƙwari aka kamo farar, da yaran ne za su riga shi kwanciya, tunda jikinsu ya fi ƙanƙanta. Gubar feshi ma dalalar miyau take kawowa, da hawaye, da murɗawar ciki, da tsukewar ƙwayar ido. Ba ta zuwa da ruɗu-ruɗu mai ƙaiƙayi. Ga shi kuma an yi masa adirenalin jininsa ya hau. Wannan allurar maganin alerji ce, kuma jikinsa ya amsa ta. Ki kwantar da hankalinki, hannunki a wanke yake.

Maigida ma bai yi ƙarya ba da ya ce zuciyarsa ce. Lallai zuciya ta shiga wahala a daren nan. Inda ya kauce shi ne ɗora laifin a kan gajiya, alhali farar ce ta kai ta ga haka.

Garkuwar jikin mutum aikinta ta gane maƙiyi ta yaƙe shi. A jikin wasu mutane sai ta yi kuskure, ta ɗauki wani sinadari da ke cikin abinci a matsayin maƙiyi, ta ƙera masa makamai na musamman da ake kira IgE. Waɗannan makamai suna zuwa su maƙale a bayan wasu ƙwayoyin halitta da ake kira mast, waɗanda ke zaune a fata, da maƙogwaro, da huhu, da hanji, da gefen jijiyoyin jini, har da cikin naman zuciya kanta. Kowace ƙwayar mast cike take da sinadarai masu ƙarfi, wanda aka fi sani a cikinsu shi ne histamin. Ranar da abincin ya sake shiga, sai ƙwayoyin nan su zazzage abin da ke cikinsu a lokaci guda. Idan a fata kaɗai abin ya tsaya, borin jini ne, a yi susa a kwana. Idan ya game jiki, shi ne abin da kika gani da idonki.

A jikin fara, sinadarin da ya fi jawo wannan ana kiransa tiropomiyosin, yana cikin tsokarta. Kusan irinsa ne a jikin jatan lande, wato manjangar da kika ambata, da ƙaguwa, da kyankyaso, da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari da ke zaune cikin ƙurar katifa waɗanda ido ba ya gani. Garkuwar da ta tsani ɗaya takan tsani sauran. Ke nan ƙaiƙayin bakin da ya yi bara gargaɗi ne, ba wanda ya gane shi, kuma ba laifin kowa ba ne. Suya da tafasa ba sa lalata wannan sinadari. Maganar ya saba ci tun yana yaro ba ta rushe komai ba: alerjin jatan lande da danginsa yana cikin waɗanda suka fi fara wa mutum da girmansa, kuma idan ya zo ba ya cika tafiya. Diklofenak ɗin da ya sha ma yana da hannu. Shi da ibufurofen da asfirin sanannu ne wajen ƙara wa alerjin abinci ƙarfi, haka ma aikin ƙarfi bayan cin abinci, da zazzaɓi, da giya ga masu sha. Abin da jiya ya tsaya a ƙaiƙayin leɓe, idan ya haɗu da ɗaya daga cikin waɗannan sai ya kayar da mutum.

To, yaya abin yake kaiwa ga zuciya? Ta hanyar jijiyoyin jini yake fara bi. A jikin mai lafiya jijiyoyin nan a ɗan tsuke suke, wannan tsukewar ce take riƙe da tansiyon, take kuma turo jini ya koma zuciya. Histamin da 'yan'uwansa sai su sake su, su buɗe baki ɗaya. Ba su tsaya nan ba, sai su sa bangon ƙananan jijiyoyi ya fara yoyo, ruwan jini ya riƙa tsiyaya zuwa cikin nama. Kumburin da kika gani a leɓɓansa ruwan jininsa ne da ya bar hanya. A anafilaksi mai tsanani, kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan da ke cikin jijiyoyi yana iya ficewa cikin minti 10. Mutum bai zubar da ko ɗigon jini a ƙasa ba, amma a wurin zuciyarsa daidai yake da wanda ya yi mummunan zubar jini.

Kin san injin ban ruwa na lambunan albasa da ke wajen gari, irin na Meskin. Idan ruwan rijiya ya ja baya ya bar bakin tiyo, injin lafiyarsa ƙalau, da mai a cikinsa, yana ta ƙugi har ya fi da, amma ba abin da ke fita ta ɗaya bakin. Haka zuciyar maigida ta kasance a daren. Tana bugawa, amma abin da ke dawo mata bai isa ta tura ba. Ƙwaƙwalwa ce ta fi kowace gaɓa rashin jure ƙarancin jini, shi ya sa aka fara da jiri, da ganin duhu-duhu, da gumi mai sanyi, sannan suma.

A nan nake so ki tsaya ki karanta da kyau, don a nan rai yake. Maigida bai faɗi yana zaune ba, sai da ya miƙe. Mutum yana kwance, ɗan jinin da ya rage a jijiyoyi yana iya gangarowa zuwa zuciya. Da ya miƙe tsaye, jinin sai ya zube cikin ƙafafu da ciki, jijiyoyin da za su matso shi sama kuma sun saki. Cikin daƙiƙu kaɗan zuciya tana iya samun kanta babu komai a ciki. Wani likita a Manchesta ta Ingila, Richard Pumphrey, ya bi diddigin mutanen da anafilaksi ya kashe a ƙasarsu. A 2003 ya bayyana cewa wasu daga cikinsu sun cika ne nan take bayan an tayar da su zaune ko sun miƙe tsaye. Kuma idan zuciya ta riga ta zama wayam, ko an yi allurar adirenalin babu jinin da zai ɗauke ta ya zaga da ita. Shi ne kuma ya nuna a 2000 cewa tsakanin cin abincin da tsayawar numfashi ko zuciya, galibi kamar minti 30 ne. Harbin zuma da danginta kamar minti 15. Allurar magani kamar minti 5. Ke nan lokacin da ake ɓatawa wajen neman madara da kiran dangi shi ne duk lokacin da ake da shi.

Maƙwabtanki sun yi abin da suka sani, kuma da kyakkyawar niyya, Allah ya saka musu. Amma zaunar da mutumin da jininsa ya zube a kan babur, ƙafafu na reto, kai a sama, yana daga cikin mafi haɗarin abin da za a yi masa. Allah ne ya yi da sauran kwanansa. Na san yadda garuruwanmu suke, a Marwa ko Garwa ko Kusuri da dare babur ne a kusa, mota sai an nema. Shi ya sa nake so ki shirya tun yanzu, rana tsaka, kowa na cikin hankalinsa. Ki san maƙwabcin da ke da mota, ki karɓi lambarsa, ki gaya masa dalili. Ko mai keken kaya mai ƙafa uku ne, in dai mutum zai kwanta a bayansa, ya fi babur. Idan akwai ma'aikacin jinya a unguwa, shi ma ki ajiye lambarsa, domin sau da yawa kawo allura wurin mara lafiya ya fi saurin kai mara lafiya wurin allura. A ɗauke shi a kwance, a kan tabarma ko bargo, mutum huɗu su kama. Kada ya taka da ƙafarsa ko da ya ce ya ji sauƙi, kuma zai ce, don maza ba sa son a ɗauke su a gaban mutane.

Game da lambobin tansiyon: likitoci suna ɗaukar cewa babba ya shiga haɗari idan lambar sama ta sauka ƙasa da 9, ko ta ragu da fiye da kashi 30 cikin 100 na abin da ya saba. Wanda ya saba da 15, in aka auna aka ga 10 ya riga ya shiga haɗari, ko da wani zai ce ai 10 lafiya ce. Duk inda aka kai shi, ki faɗi lambar da ya saba da ita.

Atenolol ɗin da yake sha ya ƙara ɗaure lamarin. Aikin maganin shi ne ya rage wa zuciya gudu da ƙarfin bugu, ta hanyar toshe wuraren da adirenalin ke kamawa. A ranar lafiya wannan alheri ne ga mai hawan jini. A ranar anafilaksi kuwa, jiki yana son zuciya ta ƙara sauri don ta cike giɓi, maganin ya riƙe ta. Yana iya sa allurar adirenalin ma ta yi jinkirin aiki, har a bukaci maimaitawa, ko a ƙara da wata allura da ake kira gulukagon a asibiti. Yana kuma iya ruɗar mai dubawa, ya taɓa wuyan hannu ya ji bugun bai yi sauri ba ya zaci ba komai. Kada wannan ya sa ku jefar da maganin. Barin atenolol farat ɗaya yana iya sa zuciya ta zabura, jini ya hau, ciwon ƙirji ya taso. Ku koma wurin likitan da ya rubuta shi, ku gaya masa abin da ya faru, ku tambaye shi ko akwai dalilin da ya sa lallai sai wannan, ko za a iya sauya masa da wani irin amlodifin. Kaftofiril da enalafiril su ma ana taka-tsantsan da su ga mai irin wannan tarihi. Likitan ne zai auna, don akwai masu ciwon zuciyar da amfanin atenolol a gare su ya fi haɗarinsa.

Ɗaurewar ƙirjin nan kuma ban so a wuce ta. Tana iya zama daga huhu, hanyoyin iska ne suka tsuke. Tana iya zama daga zuciya: ita ma nama ce mai bukatar jini, kuma idan tansiyon ya zube, jijiyoyin da ke ciyar da ita ba sa samun rabonsu, ga shi ana bukatar ta yi aiki fiye da kullum. Akwai kuma hanya ta kai tsaye. Na ce miki ƙwayoyin mast suna cikin zuciya, suna kewaye da jijiyoyin da ke shayar da ita. Abin mamaki, sinadaran da ke buɗe jijiyoyin sauran jiki suna iya sa waɗannan su murɗe su tsuke. Wani likita ɗan ƙasar Girka, Nicholas Kounis, ya bayyana wannan a 1991, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Ga wanda jijiyoyinsa lafiyayyu ne, murɗewar takan saki idan alerjin ya lafa. Ga wanda kitse ya riga ya taru a bangon jijiyarsa, tarin yana iya fashewa, jini ya daskare a wurin, ya zama cikakken bugun zuciya. Namiji mai shekara hamsin da ɗoriya, mai hawan jini, yana cikin waɗanda ake yi wa wannan tsoron. Idan ba a yi masa gwajin zuciya na ECG a kwanciyar nan ba, ku nema a babban asibitin yanki, ku kuma ce a auna masa suga da kitsen jini. Idan yana jin nauyin ƙirji ko haki in ya yi tafiya ko ya hau bene, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku tafi.

Kada kuma ki sa ido a kan jiri kaɗai. A alerjin abinci, abin da ya fi kashe mutane shaƙewa ce, musamman yara da matasa masu asma. Zubewar tansiyon ta fi yawa ga manya. Dushewar murya, wahalar haɗiya, kumburin harshe, numfashi mai fito, duk alamun gaggawa ne. Kuma wajen mutum ɗaya ko biyu cikin goma, fata ba ta nuna komai. Idan ya ci abin da ake zargi ya ce yana jin jiri ko numfashinsa na sarƙewa, kada ki tsaya jiran ruɗu-ruɗu.

Idan abin ya dawo, Allah ya kiyaye, ga yadda za ki yi. Ki kwantar da shi rigingine nan take a inda yake, ki ɗora ƙafafunsa a kan kujera ko buhu ko matasan kai. Idan numfashi ya hana shi kwanciya, a ɗan ɗaga bayansa a hankali, ƙafafu a miƙe a ƙasa, da ya samu sauƙi a mayar da shi kwance. Idan yana amai ko ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe ɗaya. Kada a ba shi komai ta baki, ba madara, ba manja, ba jiƙo. Ba sa tsayar da alerji, kuma mai gushewar hankali yana iya shaƙar su zuwa huhu. Masu son yi masa addu'a su yi yana kwance, ba sai an tayar da shi zaune ba.

Maganin da ke ceton rai ɗaya ne, adirenalin. Shi ne ke tsuke jijiyoyin da suka saki, ya rage yoyon, ya ƙarfafa bugun zuciya, ya buɗe hanyoyin iska, ya kuma hana ƙwayoyin mast ci gaba da zuba. Yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kwalbarsa ba ta da tsada. Wadda aka saba gani tana ɗauke da miligiram 1 a cikin mililita 1. Babba rabinta ake yi masa, wato mililita 0.5, a cikin tsokar cinya ta gefen waje, daidai tsakiya tsakanin ƙugu da gwiwa. Idan minti 5 ya wuce bai samu sauƙi ba, a maimaita. A tsoka ake yi, ba a jijiya ba. Tura shi kai tsaye cikin jijiya ba tare da sirki da na'urar lura ba yana iya rikita bugun zuciya. Za ki ji wasu na cewa mai hawan jini ko ciwon zuciya ba a yi masa adirenalin. A halin anafilaksi babu ciwon da ke hana yin sa a tsoka, domin haɗarin barin sa ya fi girma nesa ba kusa ba. A Turai da Amurka masu irin wannan lalura suna yawo da wata allura da aka riga aka ɗura, irin su EpiPen, a danna a cinya kawai. A nan samunta da wuya, ga tsada. Abin da za ku iya shi ne ku roƙi likita ya rubuta muku kwalba biyu da sirinji, ya sa ma'aikacin jinya ya koya miki da babban ɗanku yadda ake fasa kwalbar, a zuƙi rabi, a soka. Ku gwada da ruwa a gabansa har hannu ya saba, domin a daren tashin hankali hannu rawa yake yi. Zafi da haske suna lalata adirenalin, zafin Marwa a watan Afrilu kuwa yana haura digiri 40. Ki ajiye shi cikin kwalinsa a wuri mafi sanyi a ɗaki, inda yara ba sa kaiwa, kada a bar shi a mota. Ki riƙa duba ranar ƙarewarsa. Ruwan garau yake. In ya sauya launi zuwa ja-ja ko ruwan ƙasa, a sake wani.

Ƙwayoyin ƙaiƙayi irin su Polaramine da setirizin suna kwantar da susa da ruɗu-ruɗu, amma ba sa ɗaga tansiyon, ba sa buɗe maƙogwaro. Desametazon da danginsa sai bayan sa'o'i suke fara aiki. Yawancin mutane a nan suke yaudaruwa: fata ta lafa, a ce an warke, alhali jini na ci gaba da sauka.

Ko adirenalin ya yi aiki, asibiti dole ne. Ruwan da ya fice daga jijiyoyi sai an mayar da shi da ƙarin ruwa, kuma abin yana iya dawowa karo na biyu ba tare da an sake cin komai ba, galibi cikin sa'o'i 12 na farko. Wanda jininsa ya taɓa zubewa irin na maigida, ya kwana a ƙarƙashin kulawa. Idan kuwa ya daina numfashi kafin a isa, ki ɗora hannuwanki biyu a tsakiyar ƙirjinsa ki riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya sai an kai.

Batun abinci a gida da sauƙi. Fara ta fita daga bakinsa, ko guda ɗaya, haka sauran ƙwarin da ake ci, da manjanga, da ƙaguwa. Wahalar tana waje: manjanga dakakkiya ake zubawa a miya, ba a ganinta, ga man da aka soya fara a ciki aka sake soya wani abu, ga turmin da aka daka ta. A gidan biki da gidan abinci, da wurin 'yan'uwanmu 'yan kudu da ba sa miya sai da ita, ya tambaya kafin ya sa hannu, ba abin kunya ba ne. Kifin tafkin Maga da na kogin Logon, karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa, sinadarin da ke jawo alerjinsu daban ne. In yana cin su lafiya ya ci gaba, haka gyaɗa da riɗi. Yaran da suka ci ba abin da ya same su ba sai an hana su ba, sai dai su ci a waje su wanke hannu da baki. Ciwon baya kuwa, ya koma farasitamol har ya ga likita. Kada ya ce zai ɗanɗana kaɗan ya gani. Gwaji irin wannan a asibiti ake yin sa, da allura a hannu. Ya rubuta a 'yar takarda da Faransanci cewa yana da alerjin fara da jatan lande, ya taɓa yin anafilaksi, yana shan atenolol, ya sa ta tare da katin shaidarsa.

Maigida ba zai ji wannan daga bakinki yadda zai ji daga bakin likita ba, kuma ba raini ba ne, mutumin da ya faɗi a gaban iyalinsa yakan so ya ƙanƙanta abin. Kada ki yi masa gardama a kan fara. Ki ce masa tunda ya ce zuciya ce, ku je a duba zuciyar. A can likita zai haɗa masa biyun.

Hajiya kuma, ki dube ta a matsayin uwar da aka ce mata ɗanta ya faɗi ba ya motsi. Tsoro ne ya nemi wanda zai kama, ya same ki a kusa. Wannan bai sa maganar ta zama daidai ba, zargin sa wa miji abu a abinci ba ƙaramin abu ba ne, kuma in aka bar shi yana yawo a dangi zai yi wuyar gogewa. Amma ba ke za ki tsaya kina rantse-rantse a gabanta ba. Ɗanta ne zai wanke ki. Ki same shi a keɓe ki gaya masa yadda maganar ta yi miki ciwo, ki roƙe shi ya shaida wa mahaifiyarsa da bakinsa cewa shi ya sayo farar, a ledarta ta shigo, kuma tare kuka ci da jikokinta. Ranar komawa asibiti ku tafi da ita, ko da ƙaninsa ko yayarsa da take jin maganarsu, likita ya yi bayani a gabansu. Ki nemi a nuna mata ita ma yadda ake kwantar da shi a ɗaga ƙafafu, domin yana cin abinci a gidanta, kuma wata rana ita ce za ta kasance kusa da shi ba ke ba.